Fatar tamu ce, takalmin na Italiya

Da wuya a yi taron tattalin arziki a Abuja ko Legas a tashi ba a samu mai jawabin da ya ce mafitarmu ita ce mu shiga sarƙar sarrafa kaya ta duniya ba. Abin da suke nufi shi ne tsarin nan da kaya ɗaya ke ratsa ƙasashe da dama kafin ya isa hannun mai saye: a noma auduga a Mali, a kaɗa zare a Indiya, a saƙa a Sin, a ɗinka a Bangladesh, a liƙa tambari a rataye a wani kanti a Landan. Bankin Duniya ya ce a rahotonsa na 2020 kusan rabin cinikin da ake yi tsakanin ƙasashe ta irin wannan hanya yake bi, kuma ƙasashen da suka shiga sosai arzikinsu ya fi saurin haɓaka. Ba na ja da wannan. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ake mana maganar kamar muna tsaye a waje muna jiran a ce mu shigo, alhali mun daɗe a ciki. Damuwarmu ita ce gurbin da muke zaune da dalilin da ya hana mu gusawa daga shi, kuma ban ga sana'ar da ta fi bayyana wannan kamar ta fata ba.

Tun a ƙarni na 16 Leo Africanus ya rubuta cewa a Gobir ana ɗinka takalma ana kai su Tumbuktu da Gawo. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar jemammiyar fata da takalma da rinannun tufafi suna cikin manyan kayan da fatake ke fita da su, wasu har ƙetaren Sahara. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda a ƙetaren iyaka ake kiran 'yar'uwarta jar akuyar Maraɗi, ta riƙa isa Turai ta tasoshin Arewacin Afirka, masu ɗaure littattafai suna rububinta da sunan fatar Maroko. Tun a lokacin wani ne ke cin sunan. Amma abin da ke fita daga Kano a wancan zamani gamammen kaya ne. Majemi ya jeme da bagaruwa, an rina da karan dafi, baduku ya ɗinka, sannan falke ya ɗaura wa raƙumi. Hannu uku ko huɗu sun riga sun taɓa kayan, kuma ladan kowane hannu a nan gida ya tsaya.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai lissafi ya juya. Abin da Turawan mulki da kamfanoninsu ke so shi ne ɗanyen kaya mai yawa kuma mai araha: gyaɗa, auduga, busassun ƙiraga da fatu. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta tarin buhuna ne da ke jiran taragon da zai kai su inda za a matse mai. An samu kuɗi, ba a musu, har aka samu attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Sai dai daga nan ne muka koma masu tara wa wasu kayan aiki.

Mu bi sawun fata guda ta yau. An yanka tunkiya a kwatar wata kasuwar ƙauye a Jigawa ko Zamfara. Yaron mahauci ya feɗe ta a gurguje, don nama ake jira, fata kuwa rara ce. Ɗan fata ya saya, ya barbaɗa mata gishiri, ya naɗe, ya yi ta tarawa har ya cika mota, ya miƙa wa dillalin da ke da hanya da wata masana'antar jima a Challawa ko Sharaɗa ko Bompai. A can ake zaɓe, kuma na taɓa tsayawa ina kallon yadda ake yi. Mai zaɓen ya ɗaga fata ya haska ta da rana, ya shafi cikinta da tafin hannu, in ya ji inda wuƙa ta zarce, ko ya ga tabon ƙazuwa ko cizon kaska, sai ya wurga ta gefe bai ce uffan ba. Dillalin yana tsaye yana ƙirga waɗanda aka wurgar da ido, yana cewa, "Haba Alhaji, a duba dai, wannan ai lafiyarta ƙalau." Ba wanda ya tanka masa. Tsibi-tsibi ake yi, kuma tsakanin kuɗin tsibin farko da na ƙarshe akwai tafiya mai nisa.

Waɗanda suka tsallake sai a jiƙa su, a cire gashi, a jeme da sinadarin kurom har su yi shuɗi-shuɗi, a busar, wasu a rina. Sinadarin da dala ake sayo shi daga waje. Injinan ma haka, da yawansu na Italiya ne. Sannan a cika kwantena a ɗora wa tirela, ta kama hanyar Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000, ta je ta bi layi a Apapa. Daga nan sai Italiya ko Sifaniya ko Indiya ko Sin. A garuruwan majema na Italiya irin su Solofra da Santa Croce ake ƙarasa wa fata ado: launin da masu zanen kaya suka ce shi za a yi yayi bana, taushin da ake so, ƙyallin da ake so. Ta zama jaka ko safar hannu ko takalmi, a buga mata sunan gidan da duniya ta sani. Attajirinmu ya je Dubai ya saye ta da kuɗin da zai cika masa turke da tumaki, ya dawo yana nuna wa abokai yana cewa wannan 'yar Italiya ce.

Gaskiya kuma ya faɗa, don abin da ya biya kuɗinsa ba fata ba ce. Ya biya kuɗin zane, da na suna, da na talla, da hayar kantin da ya shiga. A irin wannan ciniki kuɗi a wuri biyu yake taruwa: wajen wanda ya ƙirƙiro samfurin kayan, da wajen wanda ke riƙe da mai saye. Masu kawo ɗanyen kaya da masu harhaɗawa su ne da gumi, su ne kuma da ƙaramin kaso. Masu binciken da suka warware farashin wayar iPhone a 2011 sun gano ladan ma'aikatan Sin da ke harhaɗa ta bai kai kashi 2 cikin 100 na kuɗinta ba, rabon kamfanin Apple kuwa ya haura rabi. Ghana da Kwaddibuwa ke noma kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya, amma abin da ke isa hannun manomi daga kuɗin cakulan bai kai kashi 10 ba. Da ƙasashen biyu suka haɗa kai a 2019 suka ɗora dala 400 a kan kowane tan domin manomi ya samu sauƙi, manyan masu saye suka ce to, suka zagaya ta wata ƙofar suka zabge wani ƙarin da suka saba biya.

Dalilin ba boyayye ba ne. Masu sayarwa dubbai ne, manyan masu saye kuwa ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, kuma wanda zai iya juya baya ya tafi wani wuri shi ke yanka farashi. Mai sayen fata, in ta Kano ta yi masa tsada, akwai Habasha, akwai Sudan, akwai Pakistan. Ɗan fata na Kano, in mai saye ya juya masa baya, kayansa ruɓewa za su yi.

Daga nan ne wasu 'yan'uwa ke yanke hukuncin cewa tsarin gaba ɗayansa zalunci ne, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, gara mu rufe ƙofa mu yi namu mu kaɗai. Na san inda zafin ya fito, amma ban yarda da hukuncin ba, kuma Bangladesh ce hujjata. A 1979 wani sabon kamfanin ɗinki na ƙasar mai suna Desh ya ƙulla yarjejeniya da Daewoo na Koriya ta Kudu, ya tura ma'aikata 130 Koriya su koyo aiki. Abin da suka koyo ya wuce taka keke. Sun koyo yadda ake jera ma'aikata kowa da guntun aikinsa, yadda ake lissafin kuɗin riga guda tun daga maɓalli, yadda ake cika oda a ranar da aka yi alkawari, yadda ake magana da mai saye da ke wata nahiya. Cikin 'yan shekaru akasarinsu suka bar kamfanin, wasu suka buɗe nasu, wasu suka je suka riƙe na wasu. A yau tufafi sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da Bangladesh ke sayarwa waje, kimanin mutum miliyan 4 ke cin abinci a sana'ar, da yawansu mata ne 'yan ƙauye da iyayensu mata ba su taɓa riƙe albashi ba. Ƙasa ce da ba ta noma audugar kirki, sayowa take yi. Mu da muke da audugar, da injinan gurza a Funtuwa da Gusau, da masaƙar Kaduna da aka buɗe tun 1957, sai ga Kakuri, unguwar masaƙun, ta koma kufai.

Ba a ɓagas suka samu ba. Ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rufta a kan ma'aikatan ɗinki a wajen Dhaka, mutum 1,134 suka rasu. An ga bango ya tsage tun ana gobe, amma aka tilasta musu komawa bakin aiki saboda akwai odar da za a cika. Wannan ma cikin tsarin yake: na sama ya matse farashi da lokaci, matsin ya yi ta gangarowa har ya sauka a kan wanda ba shi da wanda zai miƙa wa. Duk mai yabon Bangladesh da bai ambaci wannan bene ba, rabin labari ya bayar.

Habasha ce ta fi kama da mu, ita ce kuma ya kamata ta fi tsorata mu. Ta yi duk abin da masana suka ce a yi. Ta gina unguwannin masana'antu, mafi shahara ita ce ta Hawassa da aka buɗe a 2016. Ta ba da wutar madatsar ruwa mai araha. Ta jawo kamfanin takalma na Huajian daga Sin a 2012. Ta tallata arahar ma'aikatanta, har wani bincike na 2019 ya nuna albashin farko na mai ɗinki a Hawassa dala 26 ne a wata. Ginshiƙin lissafin duka shi ne damar AGOA, wato shigar da kaya Amurka ba haraji. Da yaƙin Tigray ya ɓarke, Amurka ta cire Habasha daga tsarin daga 1 ga Janairun 2022. Kamfanin PVH, mai tambarin Calvin Klein, ya rufe masana'antarsa ta Hawassa, dubban 'yan mata suka koma gida. Yadin da suke ɗinkawa akasari daga waje yake zuwa, zare da zif ma haka, masu saye kuma a hannun baƙon suke. Wanda ya zo don arahar ma'aikata da sauƙin haraji, ranar da ɗayan biyun ya motsa zai naɗe kayansa.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin da ya dace a auna kowace masana'antar baƙi da shi ba yawan kwantenar da take fitarwa ba ne, ba kuma hoton gwamna yana yanke ƙyalle ba. A tambaya: in mai kamfanin nan ya tafi gobe, me zai rage? 'Yan ƙasa nawa ne suka iya haɗa sinadari, suka iya gyara injin, suka san lambar mai saye? Ƙananan kamfanoni nawa ne na gida ke sayar masa da wani abu ban da ƙarfin jiki? Desh ya bar mutum sama da ɗari da suka zama iri. Akwai masana'antun da suka shekara talatin a ƙasashenmu, har yau mai haɗa launi baƙo ne, kuma ɗakin da yake haɗawa a kulle yake.

Maganin da gwamnatocinmu suka fi so shi ne hani, saboda ba ya cin kuɗi, sanarwa ce kawai. Ɗanyar fata, har da wadda aka tsaya da ita a matakin shuɗi, tana cikin jerin kayan da kwastam ta haramta fitarwa daga Najeriya. Ba zan ce hanin bai yi amfani ba, yana cikin abubuwan da suka zaunar da masana'antun jima a Kano. Amma taki ɗaya ya matsar da mu, muka tsaya cak. A Agustan 2025 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ƙwarar kaɗanya na wata shida, da hujjar cewa Najeriya ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarar a duniya amma rabonta a kasuwar man kaɗe da kayan da ake yi da shi bai wuce kashi 1 ba. Hujjar mai ƙarfi ce. Sai dai sanarwar ta faɗo ne daidai lokacin da kaya ke shigowa kasuwa, farashi ya rikito cikin 'yan kwanaki. Asarar ta sauka a kan matan ƙauyukan Neja da Kwara da Kebbi, masu fita tun asuba suna tsinta a cikin raɓa da fargabar maciji, su dafa, su shanya, su fasa. Ribar kuma ta tafi wajen tsirarun masu injin matsa, waɗanda suka wayi gari kaya ya yi musu araha ba tare da sun ƙara komai ba. In ba a tanadi isassun masu saye a gida ba kafin a toshe hanyar waje, abin da aka yi shi ne kwashe kuɗi daga ɗan ƙasa mai rauni a ba ɗan ƙasa mai ƙarfi.

Za a ce ai Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel a 2020 kuma ta ci riba, masana'antun narka ƙarfe suka cika tsibirin Sulawesi. Haka ne. Amma Indonesiya ce ke da mafi yawan nikel a duniya, mai saye ba shi da inda za shi, dole ya ɗauko injinsa ya zo. Fatarmu da riɗinmu da zoɓonmu ba su da wannan gata. Kuma ko a can ɗin, akasarin masana'antun jarin Sin ne, da gawayin kwal suke aiki.

Indiya ce ta bi hanyar da na fi ganin za ta karɓe mu. Har farkon shekarun 1970 ita ma fatar da ba a gama ba take fitarwa. Daga 1973 ta fara taƙaita fitar da irin wannan fata sannu a hankali, amma ta haɗa da sauƙaƙa shigo da injina da sinadarai, ga kuma cibiyar binciken fata ta Madras da aka kafa tun 1948 tana yaye ƙwararru. Majeman Tamil Nadu suka koyi gama fata. Daga nan ba su ce sai sun yi gogayya da manyan gidajen kayan ado na Milan a Italiya ba, suka karɓi ƙaramin aiki: ɗinka fuskar takalmi kawai, a aika Turai a sa mata ƙasa. Da hannu ya faɗa, aka fara ba su takalmin gaba ɗaya. A yau garuruwa irin su Ambur da Ranipet suna yi wa manyan tamburan duniya takalma. Ruwan dattinsu ya lalata kogin Palar da gonakin mutane har kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a kansu a 1996, matsin ya sa suka dogara ga matatun ruwa na haɗin gwiwa, masana'antu da yawa suna zuba wa matata ɗaya. Mu ma muna da cibiyar fasahar fata a Samarun Zariya. Abin da ya kamata a riƙa auna ta da shi shi ne yawan ɗalibanta da ke tsaye a gaban injin a Challawa.

Maganar ruwan datti ba ta masu rajin kare muhalli kaɗai ba ce, maganar ciniki ce. Da yawan manyan tambura yanzu ba sa sayen fata sai daga majemar da masu bincike suka shiga suka ga inda ruwanta ke zuwa da inda fatarta ta fito. Duk wanda ya san rafin Salanta da na Getsi da kogin Challawa ya san launin da ruwansu ke yi da warin da ke tashi, ya kuma san akwai masu noman rani da ke ban ruwa da shi. Ƙaramar masana'anta ba za ta iya gina matata ita kaɗai ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma ya fi sanarwar hani wuya nesa ba kusa ba. Mun riga mun ɗanɗana kuɗar sakaci da ƙa'idar mai saye: a 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, Meziko ma, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa dakatar da shi saboda ƙwaro. Ɗan kasuwa ɗaya ya zuba fiya-fiya a buhu a Dawanau, ƙasa guda ta biya.

Ga wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane ma'auni, daga ƙasa da naira 70, ga janareta na jiran dizal duk sa'ar da aka ɗauke. Bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020 shi ne abin da masu masana'antun Kano da Kaduna suka zuba wa ido. Mai sayen takalma a Turai ba ya tambayar dalilin latti. In oda ta wuce ranarta sau ɗaya, sau biyu, ya goge sunanka ya kira Biyetnam.

Akwai kuma matakin da ba a kai shi taro, wato wuƙar yaron mahauci. Fatar da aka huda wajen fiɗa ta riga ta faɗi daraja, ba injin Italiya da zai mayar da ita. Amma me zai sa yaron ya bi a hankali? Kuɗin da ake bambantawa a ƙofar masana'anta tsakanin fata mai kyau da mai tabo ba ya dawowa gare shi, a hannun dillalai yake narkewa, shi kuɗi ɗaya ake ba shi ko ya huda ko bai huda ba. Ƙirgin saniya kuwa yana da wata kasuwar da ba ruwanta da huji, wato ta ganda, kuma ita take biya nan take. Lokaci-lokaci a kan ji wani jami'i ya ce a hana cin ganda don a ceto masana'antar fata. Ni dai abin dariya yake ba ni. Mahauci ba wawa ba ne, inda kuɗi ya fi can zai kai. In ana son fata mai kyau, a sa bambancin farashin ya isa kwata, a bi ta hannun sarakunan fawa a koya wa yara fiɗa da wuƙa mai lanƙwasa, a kai wa makiyayi maganin kaska da na ƙazuwa. Ko fatun layya da ƙungiyoyin addini irin su Izala ke tarawa duk Babbar Sallah, da za a ba masu karɓa gishiri da horon rana ɗaya kafin sallar, da kuɗin da ake samu ya ƙaru ba tare da an ƙara rago ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna hangen Milan mun tsallake Aba. A kasuwar Ariariya dubban masu ɗinkin takalma ne ke aiki, kayansu na zuwa Kamaru da Ghana da sauran maƙwabta, amma da yawansu da fatar roba ta Sin suke yi, ko fatar da aka shigo da ita. Dukawan Ƙofar Wambai ma kukan da suke yi ke nan, fata mai kyau ta fi ƙarfinsu, a gabansu ake loda ta a kwantena. Ɗaya daga dalilan shi ne tallafin da gwamnati ta daɗe tana ba masu fitar da kaya waje: wanda ya sayar wa Italiya yana da lada a wajen hukuma, ga dala a hannu, wanda ya sayar wa Aba ba shi da ko ɗaya. Kowane mai masana'anta ya iya wannan lissafin. Sarƙar da ta fi kusa da hannunmu ita ce wadda za ta tashi daga garken Maraɗi da Damagaram, ta bi ta majemar Kano, ta je teburin mai ɗinki a Aba ko Ƙofar Wambai, ta ƙare a ƙafar ɗan makaranta a Kumasi ko Njamena. A cikinta mu ne masu zane, mu ne masu suna, mu ne muka san ƙafar mai saye da aljihunsa. Amma mun rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, 'yan makonni bayan mun sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ba mai zuba jari a hanyar da za a iya datsewa da sanarwar dare ɗaya.

Gwamnati kanta babbar mai sayen takalma ce. Soja, ɗan sanda, kwastam, jami'in gidan yari, mai yi wa ƙasa hidima, kowannensu sai da but a ƙafa, kuma a kai a kai ake sabuntawa. Tun a 2017 aka sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da hukumomi ke kashewa a kan kaya irin su yunifom da takalma ya tafi ga na gida. Oda irin wannan, mai yawa, mai maimaituwa, mai ƙa'idar inganci da ranar kawowa, ita ce makarantar da ƙaramin kamfani ke koyon abin da ma'aikatan Desh suka je Koriya suka koyo. Ina so in ga majalisa ta tilasta wa kowace hukuma mai kaki ta wallafa, duk ƙarshen shekara, takalma nawa ta saya, wane kamfani ya ɗinka, a wane gari, kuma daga wace majema fatar ta fito. A haɗa da sharaɗin biyan ɗan kwangila cikin wata uku, don mai ɗinki a Aba ba zai iya bin gwamnati bashin shekara biyu ya kuma biya majemin Kano ba.